Agola: Wa Zai Ci Da Shi, Uba Ko Mijin Uwa?

 Yau ina so mu tattauna a kan wata magana wadda ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, watau maganar agola. Idan mace ta yi sabon aure ta tafi da ɗanta gidan miji, wa shari'a ta ɗora wa cinsa da shansa da suturarsa da kuɗin makarantarsa? Ubansa ne da ya haife shi, ko kuwa mijin uwar da yake kwana a gidansa?

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana shi ne wata yarinya 'yar aji huɗu a makarantar da nake koyarwa. Yarinya ce mai ƙoƙari, amma zango guda cur ba ta da littafin rubutu, rigar makarantarta kuwa duk ta mutu. Da na gaji sai na aika a kira mini wani daga gida. Uwar ta zo da kanta, muka gaisa, na faɗa mata abin da ke akwai. Sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Malama, wallahi na gaya wa maigidan, ya ce shi ba shi ya haife ta ba, in je in tambayi ubanta. Na aika wa uban, shi kuma ya ce tun da na hana shi 'yarsa, wanda ya aure ni ya ɗauki nauyinta."

Na ce, "To, lokacin da maigidan yake neman aurenki, me ya ce game da ita?"

Ta ce, "Cewa ya yi in taho da ita, ai ɗa na kowa ne."

Na ce, "A gaban wa ya faɗa?"

Ta ce, "Daga ni sai shi, a zauren gidanmu."

To, kun ji inda gizo yake saƙar. Maza biyu, kowanne yana da hali daidai gwargwado, amma yarinya tana zaune a aji ba abin rubutu.

Wannan magana ta wuce gida ɗaya. Tun shekarar 2012 Hukumar Hisba ta Jihar Kano ta fara shirin aurar da zawarawa, inda aka soma da ma'aurata 100. A watan Oktoba na 2023 kuma gwamnatin jihar ta ɗaura auren mutum 1,800 da matansu, zawarawa da 'yan mata. Ana auna lafiyar ango da amarya, a biya sadaki, a ba da gado da katifa da ɗan jari. Wannan duk abin yabawa ne. Amma fa bazawara sau da yawa ba ita kaɗai take fitowa daga gidan tsohon mijinta ba. Akwai na goye, akwai na hannu. Ko a irin wannan auren na hukuma, ko a wanda ake ɗaurawa kullum a unguwanninmu, tambayar ita ce dai ɗaya: idan amarya ta tare, wa zai ci da 'ya'yan da ta zo da su?

Abin da shari'ar Musulunci ta ce

Kotunanmu na shari'a a nan Arewa mazhabar Malikiyya suke bi, alƙalai kuma suna duba littattafai irin su Risala da Muhtasar da Tuhfa. Hukuncin a fili yake: ciyar da ɗa a wuyan ubansa yake. Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ɗora wa wanda aka haifa wa ɗan nauyin ci da sutura gwargwadon halinsa. Ɗa namiji uba zai ci da shi har ya balaga yana mai iya nema wa kansa. 'Ya mace kuwa har ta yi aure ta tare. Sakin uwa bai sauke wannan nauyi ba, haka nan sabon auren da ta yi bai sauke shi ba.

Mijin uwa kuwa, shari'a ba ta wajabta masa ko kwano ɗaya na hatsi saboda agola ba. Matarsa ce a wuyansa, da 'ya'yan da ya haifa. Ita ma uwar, a wurin Malikiyya, ba a tilasta mata ta ci da ɗanta daga dukiyarta, ko da tana da ita. Idan uba ya rasu, to daga gadon maraya ake ci da shi. Idan babu gado, nauyin ya koma kan baitulmali da jama'ar Musulmi. Malikiyya ba su tilasta wa kaka ko baffa ba, ko da yake wasu mazhabobi, kamar Hanafiyya da Hambaliyya, sun faɗaɗa nauyin har zuwa kan dangi na kusa.

Saboda haka idan muka koma kan ɗalibata, a hukunci uban ne mai laifi na farko. Amma mu mata mun fi jin haushin wanda muke gani kullum. Ashe gaskiyar Bahaushe da ya ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa.

Uban yana kafa hujja da cewa an hana shi 'yarsa. Wannan hujja ba ta da ƙafa, domin riƙo daban, ciyarwa daban. A Malikiyya uwa ita ta fi cancanta da riƙon ɗanta bayan rabuwa, namiji har ya balaga, mace har ta tare a ɗakin mijinta. Gaskiya ne idan uwar ta auri wani bare ta tare, haƙƙin riƙo yana iya fita daga hannunta. Amma ba wurin uba yake fara komawa ba. Kaka ta wajen uwa ita ce a gaba, sa'an nan sauran mata na ɓangaren uwa irin su inna, kafin a zo kan dangin uba. Kuma idan wanda riƙon ya faɗo kansa ya san uwar ta yi aure, ya yi shiru har shekara guda ba da wani uzuri ba, to yaron ya zauna wurin uwarsa. A duk inda yaron yake, uba ne zai riƙa aika abin ciyarwa ga mai riƙonsa. Al'adar nan tamu ta cewa da an yaye yaro sai a kai wa ubansa, in ba haka ba ya zare hannunsa, al'ada ce kawai, ba ta cikin littafi.

Alkawari kaya ne

To, shi ke nan mijin uwa ya wanke hannunsa? A'a. Akwai wurare biyu da shari'a ta kama shi.

Na farko, wurin zama. Malaman Malikiyya sun ce miji yana iya ƙin zama da ƙaramin ɗan matarsa idan yaron yana da wani mai riƙo. Amma idan ya tare da ita yana sane da cewa yaron yana tare da ita, to ba shi da ikon ya tashi daga baya ya ce a fitar masa da shi daga gida. Haka kuma idan yaron ba shi da wani mai riƙo sam. Wannan hukunci ya hau kan mace ita ma: idan kika tare kika iske ɗan mijinki a gidan, kina sane, ba ki da damar ki ce daga baya sai an kai shi wani wuri.

Na biyu, alkawari. Idan mutum da bakinsa, ba tilas, ya ɗaukar wa kansa cewa zai ci da ɗan matarsa muddin suna tare, ko zuwa wasu shekaru sanannu, Malikiyya sun ce wannan ɗaukar nauyi ta zama wajibi a kansa matuƙar yana da hali, alƙali kuma yana iya tilasta masa. Wani babban malamin mazhabar, Al-Haɗɗab, littafi guda ya rubuta a kan irin wannan ɗaukar nauyi. Watau dai kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Sai dai alƙali da shaida yake aiki. Maganar da aka yi a zaure bayan sallar isha, daga ke sai shi, idan ya musa, sai dai a ba shi rantsuwa ya tafi.

Akwai kuma wani hukunci da ya kamata kowace bazawara ta riƙe da kyau. Kuɗin ciyar da yaro na watannin da suka wuce yana faɗuwa daga kan uba, sai fa idan alƙali ya riga ya yanka masa abin da zai riƙa bayarwa, ko kuwa wanda ya ciyar ya yi ne da niyyar a biya shi. Ma'ana, idan kika yi kawaici shekara biyar kina cewa kunya, sa'an nan kika je kotu, kada ki yi tsammanin lalle za a tara miki kuɗin shekara biyar. Idan kuwa tun farko alƙali ya yanka, duk watan da bai biya ba ya zama bashi a kansa. Haka shi ma mijin uwa, idan ya ci da agola alhali uban yana da hali, kuma ya yi da niyyar a mayar masa, yana iya neman kuɗinsa wurin uban bayan ya yi rantsuwa.

Abin da dokar ƙasa ta ce

Ba dukan masu karanta wannan fili ba ne aka ɗaura musu aure a masallaci ko a ƙofar gida. Akwai 'yan'uwanmu da suka yi auren rajista. Su dokarsu daban ce, watau dokar al'amuran aure ta 1970, wadda aka kafa zamanin mulkin Janar Yakubu Gowon. Sashe na 69 na wannan doka ya lissafa ɗan miji ko ɗan mata a cikin 'ya'yan auren, muddin yaron a gidan yake zaune a matsayin ɗan gida. Sashe na 70 kuma ya ba Babbar Kotu ikon ta yanka kuɗin ciyar da 'ya'yan auren, galibi har su kai shekara 21. Ashe ke nan a auren rajista, idan aka zo rabuwa, kotu tana iya sa mijin uwa ya biya wani abu saboda agola, har ma matar uba in ita ce mai hali. Wannan doka ba ta shafi auren Musulunci ko na gargajiya ba.

Sai kuma dokar haƙƙin yara ta tarayya ta 2003. Sashe na 14 ya ce yaro yana da haƙƙin iyayensa ko waliyyansa su ci da shi gwargwadon halinsu, kuma ana iya neman wannan haƙƙi a kotun iyali. Jihohi sai da kowace ta yi tata kafin ta yi aiki a cikinta. Kaduna ta yi a 2018, Kano kuwa aka sa wa tata hannu a watan Mayu na 2023.

Yadda wasu ƙasashe suka yi

Da yake dokar auren rajista daga wajen Turawa muka samo ta, bari mu leƙa mu ga yadda su suke yi. A Ingila, dokar 1991 wadda ta kafa hukumar karɓo kuɗin ciyar da yara, iyaye na haihuwa take bi, ko waɗanda kotu ta mallaka wa yaro ya zama nasu. Ba ruwanta da mijin uwa. Amma a ƙarƙashin dokar aure ta 1973, idan mutum ya riƙi ɗan matarsa kamar ɗan gida, kotu tana iya yanka masa kuɗi ranar rabuwa. Kafin ta yanka sai ta duba ko ya ɗauki nauyin yaron, da iyakar abin da ya ɗauka, da tsawon lokacin, da ko ya san ba ɗansa ba ne, da kuma ko akwai wani wanda nauyin yake kansa. A Kanada ma, a shekarar 1999, Kotun Ƙoli ta yanke cewa wanda ya tsaya wa yaro a matsayin uba ba shi da ikon ya janye shi kaɗai don kawai ya rabu da uwar.

Idan kun lura, duk inda aka je maganar tana komawa wuri biyu ne: uban haihuwa shi ne na farko, wanda ya ɗauki nauyi da kansa kuma ba a barinsa ya yar a tsakiyar hanya. Wannan kuwa malamanmu sun rubuta shi tun ɗaruruwan shekaru.

Ko a tilasta wa mijin uwa?

Na ji wasu mata suna cewa gara a yi doka, duk wanda ya auri mace mai 'ya'ya dole ya ci da su. Na san zafin da ya sa suke faɗin haka, amma ni ban goyi baya ba, ga kuwa dalilina. Da farko, yau ma da yaya bazawara mai 'ya'ya uku take samun miji? Idan aka ce dole ne, maza da yawa za su gudu, ko su ce sai ta rabu da 'ya'yan kafin a ɗaura. Yaran da aka so a taimaka su za a fara jefarwa. Na biyu, irin wannan doka hutu ce ga uban da ya gudu daga nauyinsa. Ya saki mace, ya sake sabon aure da kuɗin da ya kamata ya ci da 'ya'yansa, wani kuma ya ɗauki kayan. Na uku, ta saɓa wa abin da kotunanmu suke hukunci da shi.

A ganina doka ba ta yi mana kaɗan ba. Abin da ya yi mana kaɗan shi ne sani, da shaida, da bin hukunci bayan an yanke. Sau nawa alƙali yake yanka wa uba kuɗin wata, ya biya sau biyu ya ɓace? Sau nawa kuma kuɗin da aka yanka tun yaro yana goye ake barinsa haka har ya shiga sakandare, alhali kwanon masara ya ninka kuɗinsa? Nan ne ya kamata hukuma ta sa ido. Ina roƙon Hukumar Hisba da ofisoshin jin daɗin jama'a, kamar yadda ake auna jini kafin aure, haka a riƙa tambayar bazawara 'ya'yanta nawa, ina za su zauna, wa zai ci da su, a rubuta a takarda kowa ya sa hannu. Wanda ke aikin albashi kuma, idan ya ƙi biya, a nemi hanyar cirewa daga albashinsa.

Shawara ga uwargida

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ke da kika fito daga gidan miji da 'ya'ya, tun kina idda ki sa waliyyinki ya zauna da uban yaran a yanka abin da zai riƙa bayarwa. Idan ya ƙi, ki je Hisba ko wurin alƙali. Neman haƙƙin ɗanki ba rashin kunya ba ne, domin kuɗin ba naki ba ne ballantana ki yafe don kawaici.

Idan manemi ya fito, ki faɗa masa yawan 'ya'yanki tun ranar farko. Kada ki ɓoye ko ɗaya. Idan ya ce ki taho da su, ki ce masa madalla, amma ya maimaita a gaban waliyyinki da shaidu biyu. A bambance masa abu biyu: zama kawai ya yarda su yi, ko har da ci da sutura da makaranta da magani? Ku tambayi malami yadda za a tsara maganar, domin malamai sun fi son ta zama alheri ne da ya ɗaukar wa kansa, kada a cusa ta cikin sharuɗɗan ɗaurin aure. A rubuta, ki adana takardar inda kike adana takardar haihuwar yaran.

Kada kuma ki canza wa yaro sunan uba a makaranta don ki faranta wa maigida. Aya ta 5 a Suratul Ahzab ta yi umarni a kira kowa da sunan ubansa. Agola ba ya gadon mijin uwarsa. Idan maigida yana ƙaunarsa, ƙofar kyauta a buɗe take tun yana da rai, ko ya yi masa wasiyya wadda ba ta wuce sulusin dukiyarsa ba.

Ke kuma matar uba

Ba a ɗora miki ki ci da ɗan mijinki daga kuɗin sana'arki ba, wannan nauyin maigida ne. Amma abincin da ya kawo, ta hannunki yake bi. Ba mu manta da abin da ya faru a Birnin Kebbi a watan Agusta na 2020 ba, inda aka sami wani yaro ɗan shekara 10, wanda uwarsa ta rasu, a ɗaure cikin dabbobi, 'yan sanda suka kama uban da matansa. Tun 1960 dokar hukunta laifuffuka ta Arewa ta tanadi horo ga duk wanda yaro yake hannunsa ya zalunce shi ko ya yi sakaci da shi da gangan. A nan ba a tambayar wa ya haifa, wa yake riƙo ake tambaya. Ki tuna ke ma ba ki san hannun da naki za su faɗa ba.

Ga wanda ya riƙi ɗan wani don Allah kuwa, yana da abin koyi babba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya auri Ummu Salama da marayunta, suka tashi a gidansa. Sayyidina Ali ma shi ya reni Muhammadu ɗan Sayyidina Abubakar bayan ya auri uwarsa Asma'u 'yar Umais. Akwai mazaje da yawa a garuruwanmu da suka yi haka, suka aurar da agola kamar 'yar cikinsu, ba wanda ya sa su. Allah ya saka musu da alheri.

Ku 'yan makaranta, musamman wadda take zaune a gidan mijin uwarta ko hannun matar uba, ki girmama mai riƙonki, ki taya aikin gida, ki riƙe karatunki da kyau. Idan wani abu ya dame ki, na rashin abinci ko duka ko wani abin da ba kya iya faɗa a gida, ki sami malamarki ki gaya mata. Kuma ki riƙe wannan darasi, domin gobe ke ce uwa.

Ɗalibata dai, bayan mun yi magana, kawunta ya je ya sami uban tare da mai unguwa, aka yanka abin da zai riƙa aikowa duk wata, aka rubuta. Wata biyu ke nan yana aikowa. Ko zai ɗore, Allah ne masani, amma yanzu akwai takarda, akwai shaidu, ƙofar alƙali kuma a buɗe take.

Wadda take da abin cewa a kan wannan magana, ko ta goyi bayana ko ta saɓa, sai ta rubuto wa wannan fili. Allah ya raya mana zuriya, ya ba mu ikon riƙe amana. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.